Fagagen Memoir '44 da ba a cika bugawa ba: tambayoyi da amsoshi

Akwatin Memoir '44, wasan allo na Yaƙin Duniya na Biyu, yana zuwa da fagagen fama 16, amma yawancin masu shi biyar na farko suke ta nanatawa: gadar Pegasus, garin Sainte-Mère-Église, gaɓar Sword, Pointe du Hoc da gaɓar Omaha. Dukkansu na ranar 6 ga Yunin 1944 ne, ranar da rundunar ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, ta sauka a Nomandi da ke arewacin Faransa don yaƙar Jamus. Sauran goma sha ɗayan suna can kwance a bayan littafin dokoki ba mai waiwayarsu, alhali a ganina a cikinsu naman wasan yake. A cikinsu ne kuma tarihin da ya shafe mu 'yan Afirka ya ɓuya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Kafin a yi nisa, wane irin wasa ne wannan?

Wasan yaƙi ne na mutum biyu da ake yi a kan allo. Richard Borg ne ya tsara shi, kamfanin Days of Wonder ya fitar da shi a 2004, shekarar da saukar Nomandi ta cika shekara 60. An zana allon da gidaje masu kusurwa shida, 13 a kwance 9 a tsaye, aka raba shi uku: hagu, tsakiya da dama. Fuska ɗaya ta allon karkara ce, ɗaya bakin teku. A kai ake jera kurmi, tudu, gari, kogi da gada, yadda taswirar kowane fage ta nuna.

Sojojin na roba ne, kore na ƙawance, masu ruwan toka na Jamus. Rukunin sojan ƙasa mutum huɗu ne, na tanka uku, na igwa biyu. Ba ka motsa wanda ka ga dama. Kati ne ke ba ka izini: wani ya ce ka motsa rukuni biyu a hagu, wani uku a tsakiya, wani duk na dama. Katunan 60 ne, 40 na ɓangarori, 20 na dabaru na musamman irin su kwanton ɓauna, ruwan igwa da harin jiragen sama. Idan aka zo harbi sai a jefa dayis irin na lido, sai dai maimakon ɗigo hotuna ne a jiki: soja a fuska biyu, sai tanka, gurneti, tauraro da tuta. Tuta na nufin abokin gaba ya ja da baya gida ɗaya. Duk rukunin da ka ƙarar ka sami lamba ɗaya, wasu wuraren ma kama su lamba ne. Wanda ya riga tara adadin da fagen ya ƙayyade, tsakanin huɗu da shida, shi ya ci. Wasa ɗaya ba ya cika wuce awa guda.

Me ya sa mutane ke tsayawa a fagagen farko?

Sunayensu ne sanannu, kuma da su ake koyon wasan. Gadar Pegasus ba tanka ba igwa, Bajamushe ma da kati biyu kacal yake farawa saboda an mamaye shi cikin dare, yayin da Baturen Ingila ke riƙe da shida. Fage ne mai kyau na koyarwa. Matsalar ita ce na bakin teku suna sa wa mutum ɗabi'a guda: ka fito daga ruwa, ka ruga gaba, ka yi fatan dayis ya tausaya maka. Mai tsaro kuwa yana zaune cikin mafakar kankare yana jira. Wanda ya tsaya a nan sai ya ɗauka iyakar wasan ke nan, ya ce ai sa'a ce zalla, ya mayar da akwatin saman kabad.

To wanne ka fi so a cikin waɗanda ba a sani ba?

Montélimar, fage na 12. Ba na ma jinkiri a kan wannan amsar.

Ranar 15 ga Agustan 1944 rundunar ƙawance ta sake sauka a Faransa, wannan karon a kudu, a gaɓar Bahar Rum. Runduna ta 19 ta Jamus, ƙarƙashin Janar Friedrich Wiese, ta fara janyewa arewa ta kwarin kogin Rhône. Hanya guda ce babba a gabashin kogin, hanya mai lamba 7, kuma a arewacin garin Montélimar tuddai sun matse ta da ruwa har ta zama maƙogwaro. Janar Lucian Truscott na Amurka ya ga cewa in ya toshe wannan maƙogwaron ya kama runduna sukutum. Ya tura wata ƙaramar runduna mai sauri ƙarƙashin Janar Frederic Butler ta zagaya ta cikin duwatsu, ta hau tuddan ranar 21 ga wata, runduna ta 36 ta biyo bayanta. Sai dai sun yi nisa da bakin teku inda kayansu suke, mai da harsashin igwa suka yi ƙaranci. A gabansu kuma akwai rundunar tankoki ta 11 ta Jamus, wadda ta ƙware a yaƙin Rasha. Ranar 25 ga wata Amurkawa sun datse hanyar a ƙauyen La Coucourde, cikin daren Jamusawa suka sake buɗe ta da ƙarfi. Da aka kai ranar 28 yawancin sojojin Jamus sun sulale arewa, sun bar motoci, igwoyi da dawakai birjik a kan hanya.

Abin da ya sa fagen ya yi daɗi shi ne babu wanda aka ce shi ne mai hari shi kaɗai. Kogin yana gefe ɗaya na allon. Ba'amurke zai sami lamba in ya kai rukuni bakin kogin, Bajamushe kuma in ya kama gari, kuma lambar tana hannunka ne muddin rukuninka na zaune a wurin. Ka tashi, ta tafi. Saboda haka kowa yana da abin tsarewa, yana da abin nema. Ba'amurke yana kan tudu, inda mai harbinsa daga ƙasa ke rasa dayis ɗaya, amma lambarsa tana can ƙasa a fili, inda tanka ke jefa dayis uku cif. Ya sauko da wuri a cinye shi, ya daɗe a sama Bajamushe ya tattara ƙarfi ya haura masa.

A nan ne mutum ke koyon ajiye kati. Ka duba hannunka ka ga kana da katunan dama guda biyu, sai ka daure ka yi zagaye biyu ko uku kana wasa da ƙananan katuna a wani ɓangaren, musamman katin leƙen asiri wanda ke motsa rukuni ɗaya amma ya ba ka damar jan kati biyu ka zaɓi ɗaya. Sai na uku ya shigo hannu sannan ka sauka da ƙarfi, hari na bin hari, abokin wasa bai sami sararin numfashi ba. Wanda ya saba dara ya san wannan haƙurin na jera 'ya'ya kafin a fara ci. A duk akwatin ban ga fagen da ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki kamar wannan ba.

An ce akwai fagen da sojojin Afirka suka yi yaƙin. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, shi ne Toulon, fage na 10.

Toulon babbar tashar jiragen ruwan yaƙin Faransa ce a Bahar Rum. Bayan saukar 15 ga Agusta, Amurkawa suka nufi arewa, aka bar wa rundunar Faransa ta Janar Jean de Lattre de Tassigny aikin ƙwato Toulon da Marseille. Wannan runduna sunanta ne na Faransa, amma kaso mai yawa na sojojinta daga Afirka aka kwaso su: Aljeriya, Maroko, Tunisiya, da kuma ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka. Rundunoni uku ne suka kewaye Toulon. Ta ɗaya ta 'yantacciyar Faransa ƙarƙashin Janar Brosset ta bi gaɓar teku daga gabas. Ta uku ta Aljeriya ƙarƙashin Janar de Monsabert ta zagaya ta duwatsun arewa. A tsakiya akwai runduna ta tara ta ƙasashen mulkin mallaka ƙarƙashin Janar Magnan, wadda ƙashin bayanta bataliyoyin da ake kira 'yan Senegal ne. Tun 1857 aka kafa wannan soja a Senegal, sunan ya bi su, amma daga ko'ina a Afirka ta Yamma ta Faransa ake ɗibar su: Mali ta yau, Burkina Faso, Gini, Kwaddibuwa, Benin, har da Nijar.

An yi kusan mako guda, daga 20 zuwa 26 ga Agusta, ana ƙwace ganuwa bayan ganuwa da unguwa bayan unguwa. Kwamandan Jamus, Admiral Heinrich Ruhfus, ya miƙa wuya ranar 28 a Saint-Mandrier, ranar da Marseille ma ta faɗi. Masu tsara yaƙin sun yi lissafin Toulon za ta ci kwana 20, Marseille 40. Cikin kwana 13 aka gama da su biyun, kuma ta waɗannan tashoshi na kudu ne daga baya kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan rundunar ƙawance ke shiga Faransa.

A kan allo, Jamusawa suna warwatse a tuddai da garuruwa, bayan buhunan yashi da waya mai ƙaya. Buhun yashi na rage wa mai hari dayis ɗaya, kuma wanda ke bayansa yana iya yin biris da tuta ta farko. Waya mai ƙaya tana tsayar da sojan ƙasa cak, sai ya zaɓa: ko ya ɓata zagayensa yana cire ta, ko ya yi harbi da ragin dayis ɗaya. Ga dokar da ta bambanta fagen: in mai ƙawance ya riƙe gidaje uku na garin Toulon a ƙarshen zagayensa, ya ci nan take, ko lamba nawa ke hannun kowa. Wannan doka ɗaya ta sauya komai. Bajamushe ba zai iya zuba ido kan kisa kawai ba, dole kullum yana ƙirga gidajen garin da ke bayansa. Zai iya kasancewa yana gaba da lamba huɗu da biyu, tanka ɗaya ta sulale ta gefe, sojan ƙasa biyu su faɗa gari, shi ke nan. Mai ƙawance kuma kada ya tura tanka cikin gari don faɗa, domin tankar da ke cikin gari tana rasa dayis biyu in za ta yi harbi. Aikinta ta share fili, sojan ƙasa ya shiga.

'Yan sojojin roban da za ka jera kore ne masu kama da na Amurka, ba abin da ke nuna maka su wane ne. Shi ya sa nake son duk wanda zai buga wannan fagen ya faɗa wa abokin wasansa tun kafin a raba kati. Da yawa daga mutanen da suka ƙwaci Toulon ba su ga ƙarshen yaƙin a fagen daga ba. Da sanyi ya kama a ƙarshen 1944, aka janye baƙaƙen sojojin daga gaba, aka ba matasan Faransa makamansu da kakinsu. Ranar 1 ga Disambar shekarar kuma, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da ke neman haƙƙinsu na albashi.

Sojojin Najeriya fa, suna ciki?

Ba sa cikin wannan akwatin, domin duk fagagensa a yammacin Turai suke. Rundunonin Najeriya ƙarƙashin Ingila gabashin Afirka aka kai su a yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha, daga baya kuma Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Fage na ƙarshe, Saverne, me ya haɗa shi da Chadi?

Zare ne mai tsawo, amma bai tsinke ba. A watan Agustan 1940, bayan Jamus ta mamaye Faransa, gwamnan Chadi Félix Éboué ya ayyana goyon bayan Janar de Gaulle, Kamaru ma ta bi sahu a hannun wani hafsa mai suna Leclerc. Daga Chadi Leclerc ya ɗebi mutum kimanin 400, kusan kashi uku cikin huɗunsu 'yan Afirka, ya keta hamada daga Faya zuwa Kufra a kudancin Libiya, da igwa guda ɗaya tak. Sansanin Italiya ya miƙa wuya ranar 1 ga Maris 1941. Washegari ya sa mutanensa suka yi rantsuwa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan babbar majami'ar Strasbourg. Wannan 'yar tawaga ce ta girma ta zama rundunar tankoki ta biyu ta Faransa, wadda aka tsara a Maroko a 1943. A wannan tsarin ne aka cire yawancin baƙaƙen sojojin, amma sunan Chadi ya zauna a kan rundunar sojan ƙasanta. Ita ce ta shiga Paris a Agustan 1944, wato fage na 11.

A watan Nuwamba duwatsun Vosges ne suka rage tsakaninta da Strasbourg, ƙofarsu kuma mashigar Saverne. Jamusawa sun toshe babbar hanya. Bayan rundunonin Amurka na 44 da 79 sun fasa layin farko, Leclerc bai doshi ƙofar kai tsaye ba. Ya raba tankokinsa, wasu suka bi ƙananan hanyoyin daji ta arewa wajen La Petite-Pierre, wasu ta kudu wajen Dabo, suka ɓullo wa Saverne ta baya ranar 22 ga wata. Ranar 23 suka shiga Strasbourg, tuta ta hau majami'ar.

A kan allo, tuddan wannan fagen ba a hawa su ko kaɗan. Sun zama bango, sun bar 'yan lunguna. A sauran fagage in katin tsakiya bai zo ba kana iya karkatar da rukuni zuwa wani ɓangaren. A nan wanda ya shiga lungu ya shiga ke nan. Abin lura kuma shi ne dokar ja da baya: rukunin da tuta ta faɗa masa, in babu gidan da zai koma, soja ɗaya yake rasawa a madadin kowace tuta. A lungu mai cunkoso naka ne ke toshe wa naka hanya, sai tuta ta zama harsashi. Kada ka jera rukunoni bayan juna kamar layin awo, ka bar gida ɗaya a buɗe. Wasu na ganin fagen yana da nauyin tafiya. Ni kuwa a nan na fi jin cewa ƙasa ce ke ba da umarni, kamar yadda take yi wa kwamandojin gaske.

Akwai fagagen da babu sojan gwamnati a ɓangare ɗaya?

Akwai biyu a jere, na 6 da na 7, Mont Mouchet da Vassieux. A cikinsu mai ƙawance yana riƙe da 'yan gwagwarmayar Faransa ne, masu yaƙin sari-ka-noƙe. Rukuninsu mutum uku ne maimakon huɗu, don haka ba sa jure duka. A madadin haka suna da baiwa biyu. Sojan yau da kullum in ya shiga kurmi ko gari dole ya tsaya, ba harbi a wannan zagayen. Su kuwa suna shiga su yi harbi nan take, domin ƙasarsu ce, sun san kowace hanya. In kuma tuta ta faɗa musu, suna iya ja da baya daga gida ɗaya har uku, yadda suka so.

Mont Mouchet tsauni ne a tsakiyar Faransa, inda jihohin Cantal, Haute-Loire da Lozère suka haɗu. Émile Coulaudon, wanda aka fi sani da Kanar Gaspard, ya tara mutum wajen 2,700 a can. Jamusawa suka far musu ranakun 10 da 11 ga Yunin 1944, suka tilasta musu janyewa zuwa kwarin Truyère. A wasan, tankar Jamus da aka ƙarar lamba biyu ce, a fagen da lamba huɗu ke kawo nasara. Wato tanka ɗaya rabin wasa ce. Sai Bajamushe ya koma yana tattalin makamin da ya fi ƙarfi a hannunsa, yana tsoron kusantar da shi bakin kurmi, inda tanka ke rasa dayis biyu in tana harbin wanda ke ciki. Mai 'yan gwagwarmaya kuma aikinsa ya ja ta ciki. Ya nuna mata rukuni ɗaya a fili, in ta biyo, biyu su fito daga itatuwa.

Vassieux ƙauye ne a kan tsaunin Vercors, kusa da Grenoble. 'Yan gwagwarmaya kimanin 4,000 ƙarƙashin François Huet suka riƙe tsaunin, har suka ayyana jamhuriya ranar 3 ga Yuli. Cikinsu akwai sojojin Afirka ta Yamma kimanin 50 da aka kuɓutar daga barikin da Jamusawa ke tsare da su kusa da Lyon. Sun share filin saukar jirgi a Vassieux suna jiran taimakon ƙawance. Da safiyar 21 ga Yuli jirage marasa inji suka sauko a filin, sai ga shi na Jamus ne. A wasan an sa agogo: ba a sake garwaya katuna, in suka ƙare mai 'yan gwagwarmaya bai ci ba, nasara ta Bajamushe ce. Don haka dabarar Mont Mouchet ba ta aiki a nan. Can jira ne ribarka, nan jira ne ajalinka, kuma da mutum uku-uku za ka tunkari sojan da ya riga ya kafe. Buga su biyun a zama ɗaya ya fi kowane bayani nuna yadda doka ɗaya ke juya hali.

Ya dace a mayar da irin wannan wuri abin wasa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ina girmama wanda ya ce shi ba zai iya ba. A Vassieux kaɗai an kashe mazauna ƙauyen 73, a duk Vercors fararen hula 201 da mayaƙa 639. A kewayen Mont Mouchet an ƙona ƙauyuka irin su Clavières, an kashe mutanen gari. Allon ba ya nuna wannan. Abin da zan ce shi ne, kowane fage yana da ɗan taƙaitaccen tarihi a samansa, kuma dokar wasan ta so a karanta shi kafin a fara. Kada a tsallake shi. Mutane da yawa ta nan suka fara jin sunan Vercors, suka je suka nemi sauran labarin. In da yara ake wasan, babba ya ƙara musu abin da littafin bai faɗa ba.

Ni tankoki nake so. Wanne zan buɗe?

Arracourt, fage na 14. A watan Satumban 1944 a yankin Lorraine, sababbin birged biyu na tankokin Jamus, ta 111 da ta 113, suka afka wa rundunar tankoki ta huɗu ta Amurka cikin hazo. Hazon ya hana tankokin Panther amfani da dogon zangonsu, ƙwararrun Amurkawa irin su Creighton Abrams suka yi musu ɓarna. Wasan bai bambanta Panther ta Jamus da Sherman ta Amurka ba, kowace dayis uku take jefawa. Abin da zai koya maka shi ne dokar bin sawu: tankar da ta kori maƙwabcinta ko ta ƙarar da shi tana iya shiga gidansa ta sake harbi sau ɗaya. Wanda ya fara shigowa zangon ɗan'uwansa ba tare da katin da zai biyo baya ba, shi ke kwana ciki. St. Vith, na 15, daga yaƙin Ardennes na Disamba, shi ma akwai tankoki, amma kurmi ya cika shi, tafiyarsa a hankali take.

Wasu fagagen ɓangare ɗaya ne ke yawan ci. Ba aibi ba ne?

Da gangan aka yi. Yaƙin gaske ba a raba ƙarfi daidai, wasan kuma tarihi yake bi. Maganin yana cikin littafin dokoki: a buga fagen sau biyu, a yi musayar ɓangare, a haɗa lambobin wasa biyun. In kai ne mai rauni a karon farko, aikinka ka ƙwaci lamba uku kafin a gama da kai, sannan a karo na biyu ka hana abokinka wuce biyu. Da wannan lissafin, ko wasan da ka san ba za ka ci ba kowace jifa tana da daraja, kuma ba mai tashi daga tabarma tun wasa bai ƙare ba.

Duk da haka, ba sa'a ce ke yanke hukunci ba?

Sa'a tana da rabonta, ba mai musu. Za ka jefa dayis uku a kan soja ɗaya da ya rage, taurari uku su fito. Amma lissafin a fili yake. Kowane dayis yana samun sojan ƙasa a fuska uku cikin shida, tanka a biyu, igwa a ɗaya kacal, wato gurneti. Sojan ƙasa yana jefa uku a kan maƙwabci, biyu a nisan gida biyu, ɗaya a nisan uku. Wanda ya riƙe wannan a ka ba zai ɓata harbi a kan igwar da ke nesa ba alhali ga sojan ƙasa a fili. Zai kuma janye rukunin da ya rage mutum ɗaya zuwa baya, domin soja uku da suka faɗi ba lamba ba ne, na huɗun ne lamba. A fagagen bakin teku zaɓinka kaɗan ne, shi ya sa sa'a ke yin kaka-gida. A Montélimar ko Toulon hanyoyin nasara sun fi ɗaya, don haka mugun dayis ɗaya ba ya rushe maka shiri. Ba a kuma zuba kuɗi a wasan, lambobin kwali ne.

Wane jeri ka ba wanda ya gama biyar na farko?

Ya fara da Mont Mouchet, domin gajere ne kuma zai raba shi da ɗabi'ar rugawa gaba. Sai Vassieux a zama guda. Daga nan Toulon, sannan Arracourt don hannu ya faɗa da tanka, sannan Montélimar, wanda ke buƙatar duk abin da aka koya a baya. Saverne ya zo ƙarshe kamar yadda yake a littafin. Ba sai an sayi ƙarin akwatuna ba tukuna, ko da yake akwai su, na Rasha, na tekun Pasifik da na hamadar Arewacin Afirka. Wanda akwatin ya yi masa wuyar samu ko tsada, ana buga wasan ta intanet a Board Game Arena, a waya ko kwamfuta, kuma na'urar ce ke lissafa ragin dayis na kurmi da tudu, abin da ke sauƙaƙa wa sabon shiga. Mai akwati kuma ya tanadi 'yan ledoji ya raba kurmi, tudu da gari daban-daban, domin jera taswirar Toulon ko Saverne yana cin lokaci in komai a cakuɗe yake.